Ki Ɗinka wa Dafin Kububuwa Kube

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata, ɗiyar albarka,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya karatu, ya sanyin garin mutane? Mu nan Sakkwato lafiya lau, sai godiyar Allah. Bazara ta kankama, tun hantsi ba mai iya taka ƙasa ba takalmi.

Saƙonki ya iso tare da takardar binciken da kika haɗo, wadda ke bayanin maganin dafin maciji da masana suka zana da kwamfuta. Ƙanenki ya kai shago aka buga mini ita, don idona ba ya jimirin karatu a waya, na yi kwana uku ina bin ta da biro. Kin ce malaminki ya ba ki zaɓi tsakanin aiki biyu: ɗaya kan wani magani da kamfanoni ke zuba wa kuɗi, ɗaya kuma kan dafin maciji, wanda tallafinsa bai taka kara ya karya ba. Tun da kin nemi shawarata, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ki ɗauki na macijin.

Akwai abin da ban taɓa ba ki labarinsa ba. Lokacin da nake aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye a bakin fadamar Rima, kafin a haife ki, wata rana da kaka aka kawo mana wani magidanci a kan amalanke. Ya sa hannu zai ɗaga damin gero, kububuwa ta sare shi a yatsa. Da bakinsa ya yi mana bayani, har yana tambayar ko an ɗaure jakinsa. Na ɗebi jininsa na zuba a kwalbar gwaji mai tsabta, na ajiye a kan tebur, na duba agogo. Haka ake yi: minti 20, sannan a karkata kwalbar. Jinin mai lafiya zai daskare ya tsaya. Nasa ya kwararo kamar zoɓo. Kafin magariba dasashinsa ya fara zubar da jini, har wani tsohon yankan lauje a ƙafarsa ya buɗe. Muna da kwalba biyu ta maganin dafi a firijin kananzir, amma firijin ya yi mako a mace, ruwan da ke cikin kwalaben ya yi gurɓi-gurɓi. Mota kuwa sai ranar kasuwa. Kwana na uku aka yi masa sutura. Ba a banza mutanenmu ke kiran macijin nan gobe-da-nisa ba. Har yau in na ga an karkata kofi, kwalbar nan nake tunawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sarar maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara, kuma sai a 2017 ta mayar da ita cikin manyan cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Su wa ke mutuwa? Manomi, makiyayi, yarinyar da aka aika ɗebo kara. Maganin kuma har yanzu bisa dabarar da likitan Faransa Albert Calmette ya fito da ita wajen 1895 ake yin sa: a riƙa yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan-kaɗan, jikinsa ya haɗa garkuwa, a ɗebi jinin a tace. Yana ceton rai, na gani da idona sau da yawa. Amma yana da tsada, na ruwan yana son sanyi, wani majinyacin kuma jikinsa kan yi bore da shi tun allurar ba ta ƙare ba.

Innarki ta tambaye ni wai mene ne aikin naki, tun da ta ji ana cewa kwamfuta ce ke haɗa maganin. Ga yadda na ce mata, in na yi kuskure ki gyara mini. Na ce furotin kamar carbi yake, ana jera shi da duwatsu iri 20 da ake kira amino asid, sai carbin ya naɗe kansa ya ba da wata siffa, kuma siffar ce ke yin aiki. Na tuna mata da yaron maƙwabtanmu mai amosanin jini: a cikin jerin duwatsu 146, na shida kaɗai aka sauya, shi ne duk wannan kwana asibiti. Dafin maciji shi ma furotin ne, wuƙa ce tsirara a cikin jini. Aikinki shi ne na baduku. Ya karɓi wuƙa, ya auna tsawonta da lanƙwasarta, ya yanka fata ya ɗinka mata kube daidai ita, ta shiga ta zauna, ba ta ƙara yankan kowa. Sai ta ce, to ai sana'ar garinmu ce ta bi ta har can.

A da, ganin siffar wuƙar ma aiki ne na rabin rayuwa. Masanin kimiyya Max Perutz ya haura shekara 20 kafin ya gano siffar furotin ɗin da ke ɗaukar iska a jini. A 2020 manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta nuna tana iya hasashen siffa daga jerin duwatsun kawai, zuwa 2022 an baje siffofi fiye da miliyan 200 kyauta a intanet. David Baker na Jami'ar Washington da ke Amurka shi kuma ta ɗaya gefen ya ɓullo, wato a fara zana siffar da ake so sannan a nemo jerin da zai naɗe ya ba da ita. Tun 2003 shi da abokan aikinsa suka ƙera furotin da babu irinsa a halittun da aka sani. Shi da Demis Hassabis da John Jumper na DeepMind aka ba lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024. Har riga-kafin korona da aka gina kan furotin da ɗakin bincikensa ya zana ya samu amincewa a Koriya ta Kudu a 2022. Don haka ban ɗauki aikinki tatsuniya ba.

Abin da ya fi faranta mini rai a takardar nan ta Janairun 2025, ba ɓerayen gwajin da suka rayu bayan an ba su dafi da maganin ba ne, ko da yake kashi 80 zuwa 100 cikin ɗari ba wasa ba ne. Layin da na ja wa biro sau biyu shi ne inda masu binciken suka ce wasu daga cikin furotin ɗin da suka zana sun jure zafin da ya haura digiri 70, kuma bakteriya ce ke haɗa su a cikin tukunya, babu doki babu tunkiya. Na ajiye takardar na yi shiru. Da irin wannan ne a aljihuna ranar nan, mutuwar firiji ba ta dame ni ba.

Amma ki sake karanta ta da idon 'yar Sakkwato. Dafin da suka ɗinka wa kube na dangin gamsheƙa da kumurci ne, mai shanye jijiya ya tsayar da numfashi. Kububuwa, wadda ta fi kowane maciji kashe mutane a ƙasar nan tamu, ba ta ciki. Nata dafin daban yake aiki, yana cinye sinadaran da ke daskarar da jini har su ƙare, yana kuma huda ƙananan hanyoyin jini. Ga gona nan ba wanda ya nome ta. In ke da kika sha ruwan Rima ba ki shiga ba, wa kike jira?

Sannan ki lura da gaskiyar da suka faɗa a kan kansu. Furotin ɗin da suka zana don wani dafin dangin gamsheƙar da ke cin nama ya kare ƙwayoyin halitta a cikin faranti, amma da aka zo kan fatar ɓera bai rage gyambon yadda aka so ba, kuma suka rubuta hakan. Wannan halin nake so ki ɗauka. Ƙirƙirarriyar basira za ta zana miki kube dubu kafin ki gama shan shayi, kowanne da kyan gani a allo, amma ba ta taɓa riƙe hannun majinyaci ba. Kada ki ce "na samu" sai kin haɗa shi, kin gwada, kin sake gwadawa, wani ma ya gwada a bayan idonki. Wanda bai yi aiki ba ki rubuta shi da irin tawadar da kika rubuta wanda ya yi. Daga ɓera zuwa mutum tafiyar shekaru ce, kuma duk lambar da aka gyara don a burge malami, wani bawan Allah ne zai biya ta da jininsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da magani. Nema aka ɗora mana, kuma mai nema ba ya yi wa kansa ƙarya.

In kin zo hutu, ina so ki ware mako guda ki je Kaltungo a jihar Gombe, asibitin da ake kwantar da waɗanda maciji ya sara. Ki zauna da ma'aikatan jinya, ki tambaye su awa nawa mutum ke yi a hanya kafin ya iso, me ya sha a gida, nawa ya sayar kafin ya biya. Masu maganin gargajiya ma kada ki ɗaga musu hanci, don wurinsu ake fara zuwa, kuma ranar da maganinki ya fito, bakinsu ne zai turo mutane ko ya hana su. Idan kuma aka ɗebi dafi ko jinin majinyata daga nan aka kai can, ki tsaya kai da fata a sa sunan waɗanda suka yi wahalar a takardar, a kuma yi maganar farashi tun ran gini, tun ran zane.

Maganar kuɗin tallafi kada ta hana ki barci. Albasar bana ta yi kyau, kuma na riga na yi magana da kawunki. Ki kula da sallarki a kan lokaci ko aiki ya riƙe ki, ki riƙa cin abinci mai zafi. Innarki ta daka miki yaji da kuka, za a ba wanda zai taho wata mai zuwa. In kin ga malaminki ki isar masa da gaisuwata, ki kuma tambayar mini shi ko ɗakin gwajinsu na da dafin kububuwar Najeriya, don na ji an ce na kowace ƙasa da ɗan bambancinsa. Ina jiran amsa.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare mini ke.

Mahaifinki.