Babana, kafin ka hau Mambilla

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Saƙonka ya iso cewa an damƙa maka makullin Hilux, kuma aiki zai riƙa kai ka Gembu da ƙauyukan da ke bayanta. Na yi murna, Allah Ya sanya albarka. Amma daren nan ban yi barcin kirki ba, don na san hanyar, na kuma san inda ka koyi mota. Tsakanin Kano da Zariya babu gangaren da zai gwada birkin mutum. Maganar ta fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Daga Jalingo zuwa Bali har Serti, ramuka ne kawai damuwarka. Da ka wuce Mayo Selbe, dutse ya fara. Kwana bayan kwana, bango a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗayan. Akwai wurin da ake kira Hawan Biyu da Sisi, an ce ladan da 'yan dako ke karɓa ke nan a da kafin su kai kaya sama. Tudun kansa ya kai wajen mita 1,600, iskar can ba ta da kauri, saboda haka idan ka ji inji ya yi sanyi kada ka zargi motar, kada kuma ka huce a kan totur. Ka sa giyar da za ta kai ka tun kana ƙasa. Canza giya a tsakiyar hawa da lodi, nan ake mutuwar inji, mota ta fara komawa da baya.

Hawan ma ba shi ya hana ni barci ba. Saukowa ce.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ina da ƙuruciya, ina jan wata tsohuwar Land Rover, na ɗauko buhunan masara daga Nguroje. Mai ya yi ƙasa, sai dabara ta zo mini in sa motar a firi, wato in cire ta daga giya, gangara ta kai ni kyauta. Lanƙwasa uku na farko lafiya lau, ƙafata a kan birki, har ina jin kaina gwani. Can sai na ji ƙauri kamar an jefa tsohon takalmi a murhu. Na taka, feda ta yi laushi. Na sake takawa, ta tafi har ƙasa ba ta riƙe komai ba. Na nemi giya, ta ƙi shiga, sai kuka take. Yaron motata ya fara salati da ƙarfi. Abin da Allah Ya ba ni ikon yi shi ne na manna gefen motar da bangon dutse, na bar dutsen yana yagar bodi har ta tsaya. Da muka fito, hayaƙi na tashi daga tayoyin gaba, ni kuwa gwiwoyina sun ƙi ɗaukata. Man da na so in rage bai kai galan guda ba.

Daga baya wani tsohon bakanike a Serti ya fahimtar da ni abin da ya faru. Birki gogayya ce, gogayya kuwa zafi take haifarwa. Idan ka ɗora ƙafa ba ɗagawa, ledar birki ta ƙone, man birki ya tafasa, abin da kake takawa ya zama tururi. Sabon mai sai zafi ya haura digiri 200 kafin ya tafasa, amma wanda ya daɗe ya sha danshi yana iya tafasa a wajen digiri 140. Don haka ka tambaya yaushe aka canza na motarka. Idan an haura shekara biyu, ko babu wanda ya sani, a canza kafin ka tashi.

Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko. Ka bar inji ya riƙe motar, ko da yana gurnani har fasinja na kallonka. Birki kuwa ka taka da ƙarfi na ɗan lokaci, ka saki ya sha iska. Kada ka danne kuloci kana gangarawa, wannan da firi duk kanwar ja ce. Kashe inji kuwa kada ma ya zo maka a rai, da shi ƙarfin birki da laushin sitiyari suke tafiya.

Bayan Gembu kwalta takan ƙare, jar ƙasa ce, da damina kuma santsinta kamar an zuba miyar kuɓewa. Nan ne amfanin ogzileri, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare. Ka sa shi tun kafin ka shiga caɓi, kada ka jira sai ka kafe. Ƙaramar giyar, wadda aka rubuta L4, sai ka tsaya cak kafin ka sa ta. Da ka dawo busasshiyar kwalta ka cire, in ba haka ba kana murɗe ƙarfen motar ne a banza. Tudu kuwa a fuskance shi kai tsaye, a sauko kai tsaye. Mota mai tsayi ba ta son a ratsa da ita ta gefen gangare, nan take kifewa. Idan ka hau ta gaza, kada ka ce za ka juya. Taka birki, sa ribas, ka sauko a hankali ta sawun da ka hau. Ka ajiye waigi a mota, idan za ka tsaya a kan tudu a tokare taya da shi, hambirki kaɗai ba abin dogaro ba ne. Kaya masu nauyi a ƙasan akori, a ɗaure su tamau, kada ka yarda a tula maka su sama. Sannan ka fitar da manyan yatsunka daga cikin sitiyari. Taya na dukan dutse zai fizge, na ga wanda ya karye a haka.

Ƙorama kuma, in ba ka ga wata mota ta tsallaka a gabanka ba, sauka ka auna da sanda. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa a bar shi ya janye. In ka haye, ka ɗan tattaka birki ya bushe. Hazon can yakan rufe hanya har ka kasa ganin shanun da ke gabanka. Kunna fitila, yi hon a kowace kwana, mai hawowa kuma ka ba shi hanya.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne mutumin da ke zaune a gefenka. Zai duba agogo ya ce, "Direba, ɗan taka mana, dare zai yi." Maigidanka ne, ka girmama shi, amma kada kunya ta sa ka canza giya. Ka ce, "Ranka ya daɗe, a nan haka take tafiya." Idan magariba ta riske ku a Mayo Selbe, ku kwana. Zai yi fushi, da safe zai huce. Tsofaffin direbobin Land Rover na can kuma ka gaishe su, ka saya musu shayi, ka tambaye su hanya, sun san inda ƙasa ta zaftare jiya.

Ka ɗaura bel, ka yi addu'ar hawa abin hawa. Mahaifiyarka ta ba direban da zai zo Jalingo ranar Laraba rigar sanyi biyu da yaji, ta ce sanyin Gembu ba irin namu ba ne. Idan ka isa Serti ka kira ni kafin ka fara hawa.

Allah Ya tsare, Ya yi maka albarka.

Mahaifinka.