Zuwa ga aminina, daga mai jinyar ƙafa

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Ka yi mini uzuri da na daɗe ban rubuto ba. Targaɗe na yi a ƙafar dama, likita ya ce in yi sati uku ban taka ta ba. Yanzu da sauƙi, har na fara dogara sanda. Zaman ne ya mayar da ni ga tsohuwar sana'armu ta kallon fim, sai dai wannan karon babu kai a gefena kana faɗa mini wanda zai mutu tun ba a gama rubuta sunayen 'yan wasa ba.

A gida fim ba shi da gata. A silima an kashe fitila, ka biya kuɗinka, ko ba daɗi sai ka zauna. A ɗaki kuwa rimot na hannunka, waya na gefen matashi, ga yara suna shiga suna fita. Tun a kwana na uku na daina tambayar kaina ko fim ya yi kyau, na koma ƙirga sau nawa hannuna ya kai ga waya kafin ya ƙare.

Wanda ban taɓa wayar ba ko sau ɗaya a kansa, tsohon fim ne marar kala na 1957, 12 Angry Men. Mutum 12 ne aka kulle a ɗaki guda a wata kotun Amurka, su yanke ko wani yaro ɗan shekara 18 shi ya kashe ubansa da wuƙa. In suka ce shi ne, kisa ne hukuncinsa, kuma dole bakinsu ya zo ɗaya. Mutum 11 sun ɗaga hannu nan take, har da wanda hankalinsa na kan wasan ƙwallon da ya sayi tikitinsa. Jarumin fim ɗin, Henry Fonda, kaɗai ya ƙi, shi ma bai ce yaron bai yi ba, cewa ya yi a zauna a yi magana tukuna. Shi ke nan fim ɗin, mutumina. Minti 96 na gardama da gumi. Amma lokacin da Fonda ya zaro wata wuƙa sak irin wadda aka ce babu kamarta, ya kafa ta a kan tebur, sai da na zabura har na fama ƙafar. Wai kuma wannan ne fim na farko da Sidney Lumet ya ba da umarni don silima. Ka lura da dabararsa in ka kalla: da farko kyamara tana sama da kawunansu, a hankali tana sauka, har ka fara ganin rufin ɗakin yana danno su. Kai ma sai ka ji numfashinka ya takura.

Washegari na sa Avatar na 2009, na ce bari in wanke ido da kala. Na wanke kuwa, amma ƙirgen waya ya ɓace mini tun kafin a kai rabi. Ba na ɗora masa laifin duka, don an gina shi ne saboda katafaren allo da tabarau, ni kuma na matse shi a talabijin. Sai dai da girman ya tafi, labarin da ya rage bai cika tafin hannu ba.

Na san kana jira ka ji ko na koma wa Sholay. Na koma, dare biyu na raba shi, tunda ya haura awa uku. Kuma ina nan kan bakana: ba Amitabh Bachchan ne ke ɗauke da fim ɗin nan ba, Amjad Khan ne, wanda ya fito a matsayin mugun, Gabbar. Tun fitowarsa a 1975 ake ta yin mugaye a finafinan Indiya suna ihu suna zare ido, har yau ban ga wanda ya kamo Gabbar ba, mutumin da dariyarsa ta fi fushinsa ban tsoro. Barkwancin gidan yarin nan dai na tura shi gaba, Allah ya yafe mini.

Parasite na Koriya ta Kudu ya yi mini maguɗi a ma'aunin nawa. Da yake fassarar da ke ƙasan allo nake karantawa, ba damar in ɗauke ido, saboda haka ban san ko daɗinsa ne ya riƙe ni ko dole ba. Na yarda ya cancanci Oscar ɗin da ya ci a 2020, shi ne fim na farko da ba na Turanci ba da ya ɗauki babbar kyautar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maganar wari, yadda mai gidan ke ƙyamar warin direbansa ba tare da ya san cin mutunci yake yi ba. Jinin da aka zubar a ƙarshe ya yi mini yawa. Kada ka kalle shi da yara.

Da yara kuwa mun kalli City Lights na Charlie Chaplin, wanda ya fito a 1931 babu magana a cikinsa, alhali an riga an fara finafinai masu magana tun 1927. Na zaci minti goma za su yi su watse. Wurin damben nan, inda yake ɓuya a bayan alƙalin wasa, sau uku suka sa na mayar.

Amma wanda ya sa na ɗauki biro yau shi ne Children of Heaven, na Majid Majidi, fim ɗin Iran na 1997. Wani yaro, Ali, ya kai takalmin ƙanwarsa Zahra gyara, ya ɓace a hanya. Sun san babansu ba shi da kuɗin wani, sai suka rufa wa juna asiri. Ita ta sa takalminsa ta je makaranta da safe, ta taso da gudu ta cire masa a lungu, shi kuma ya zura ya ruga tasa makarantar, kullum a makare. Wata rana aka sa gasar tsere, kyautar wanda ya zo na uku takalmi ce. Ka taɓa ganin mai tsere yana gudu yana waige, yana fargabar kada ya zo na ɗaya? Ban san lokacin da na fara yi masa ihu ya rage gudu ba, har mai ɗakina ta leƙo ta zaci ƙafar ce. Ba zan faɗa maka yadda aka ƙare ba, ni ba kai ba ne.

Ka neme shi ka kalla da dare, bayan kowa ya kwanta, ka bar wayarka a wani ɗakin. In ka gama ka rubuto mini, ina so in ji abin da za ka ce game da kifayen nan na ƙarshe. Ka haɗo mini da sunayen finafinai biyu ko uku, don likita ya ƙara mini sati ɗaya.

A gaida madam da yara. Nawa ma suna gaishe ku.

Naka har kullum,
Amininka