Rubutun da ke jikin wuƙar aljihu ba shi ne shaidar ƙarfenta ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu ɗan fili mu ja hankalin masu sayen wuƙar aljihu mai ninkewa, ganin yadda masu arahar suka cika tebura a kasuwanni da tashoshin mota, kowace da rubutu a ruwanta, mai saye kuma sau da yawa kuɗin rubutun yake biya.

Yawancinsu daga Sin suke, musamman garin Yangjiang na lardin Guangdong. Wannan ba aibi ba ne, don can ake ƙera nagari, can ake ƙera tarkace. Lambar ƙarfen Sin kuwa ba ta da wuyar karantawa. 8Cr13MoV na nufin kabon kusan kashi 0.8 cikin 100, kuromiyam kashi 13, da ɗan molibdenam da banadiyam. Kabon ke kawo tauri da riƙe kaifi, kuromiyam ke hana tsatsa, kuma sai ya kai kashi 10.5 ake cewa ƙarfe mara tsatsa ne. Shi 3Cr13 kabon ɗinsa wajen 0.3 ne kacal, kwali kaɗan za ka yayyanka ya dakushe. 7Cr17MoV da dama-dama. 8Cr13MoV, wanda ya yi kusa da AUS-8 na Japan, shi ne daidai talaka: yana ɗaukar kaifi da wuri a kan dutse, yana riƙewa gwargwado. D2 yana da kabon wajen 1.5 da kuromiyam 12, ya fi su daɗewa da kaifi, amma wasa shi aiki ne, kuma gumin aljihu a lokacin damina yana sa masa ɗigon tsatsa. Wuƙar da aka rubuta mata "Stainless" ko "440" kawai, babu harafi a gaba kamar na 440C, ka ɗauka mafi arahar ƙarfe aka sa mata.

Sai dai buga lamba ba ya cin kuɗi. Wuƙar da aka rubuta wa D2 ana sayar da ita kuɗin kwanon abinci, mai hankali ya san jabu ce. Haka zanen nan mai kama da igiyar ruwa da ake cewa ƙarfen Dimashƙa: duba gadon bayan wuƙar, in zanen bai ratsa can ba, a sama aka zana shi.

Ko lambar gaskiya ce, ba ta gama magana ba. Kowane maƙeri ya san ƙarfe sai an gasa shi, an tsoma, an sake ɗumama shi daidai kafin ya zama wuƙa. A ma'aunin tauri na Rockwell, wuƙar aljihu mai kyau tana faɗawa tsakanin 56 da 60. Kamfanin wuƙa na Buck na Amurka da 420HC yake aiki, ƙarfe mai sauƙin kuɗi, amma iya gashi ya sa wuƙarsa ta fi wasu masu babbar lamba. In gashin bai kai ba, baki yana lanƙwashewa. In ya yi tauri fiye da kima, yana ɓantarewa.

Ga yadda za ka gane. Yanka takarda tukuna ka ji yadda take shiga. Sannan ka yi wa kwali yanka 20, ka juya bakin sama a cikin rana. Baki mai kaifi ba ya ƙyalli. Duk inda ka ga farin layi yana walƙiya, nan ya kwanta. Goga farce a gefensa: in ya kama a gefe ɗaya, ƙarfen ya yi laushi, in ka ji giɓi-giɓi, ya yi gautsi. A kan dutse ma ana ganewa, don ƙarfe mai laushi yana fitar da wani siririn zare a baki, ka juya nan ya koma can, ya ƙi tsinkewa. Gwajin maganaɗisu da wasu ke yi kuwa, suna cewa wanda ya kama ba nagari ba ne, a juye suka fahimce shi. Ƙarfen wuƙa na ƙwarai, ko mara tsatsa ne, maganaɗisu yana kama shi. Wanda ba ya kamawa irin na cokali da tukunya ne, ba ya taurara da gashi.

Abin da ke yanke yatsa kuwa sakin makulli ne, wato abin da ke hana wuƙar ninkewa bayan an buɗe ta. Buɗe wuƙar ta kulle, ka riƙe bayan ruwan ka girgiza hagu da dama, sama da ƙasa. Motsin gefe sau da yawa notin tsakiya ne ya saki, ana ɗaure shi da sukundireba mai bakin tauraro, galibi T8. Motsin sama da ƙasa kuwa makullin ne bai zauna ba, ajiye ta kawai. In mai ɗan fallen ƙarfe ce a cikin mariƙi, fallen ya shige ƙarƙashin gindin ruwan kamar sulusi zuwa rabi. Wanda ya tsaya a gefe zai zame, wanda ya ƙure ɗaya ɓangaren tun tana sabuwa ba shi da sauran wurin ci. Rufe ta ka duba: ruwan ya kwanta a tsakiya, tsinin ya ɓuya, kada ya tsaga maka aljihu ko cinya.

Masu son tsohon yayi, Okapi da aka fara yi a Jamus a 1902, aka mai da aikinta Afirka ta Kudu a 1988, da Opinel ta Faransa mai zoben kullewa, duk suna da ta ƙarfen kabon. Suna kaifi ƙwarai, amma lemo ko albasa suna baƙanta su nan take, sai an goge an shafa ɗan mai. Su ma akwai na kwaikwayo.

Roƙonmu ga 'yan'uwa masu wasa wuƙa da inji: bakin wuƙar aljihu siriri ne, daƙiƙa kaɗan a kan busasshen dutsen inji ya isa ya ƙona shi. Da ka ga ya yi ruwan ƙasa ko shuɗi, taurin wurin ya tafi, sai an cinye wannan sashen kafin a sake samun baki. A yi amfani da dutsen hannu da ruwa, a karkata ta kamar digiri 20 kowane gefe.

Wassalam.
Daga wasu maƙera da masu wasa wuƙa, Kano.