A bari hannun yaro ya ƙosa kafin a ba shi wuƙar tebur

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana a kan wani abu da wasu za su ga bai kai a rubuto wa jarida ba, ni kuwa ya tsaya mini a rai. Maganar wuƙar cin abinci ce, irin ta tebur, da lokacin da ya dace a sa ta a hannun yaro.

Ina da jika da aka yi mini takwara da ita, shekararta huɗu da wata uku. Tana nazare a wata makarantar kuɗi a nan Jos, ba zan kama suna ba don ba tonon silili ya kawo ni ba. Ranar Asabar ta makon jiya iyayenta suka kawo mini ita Rikkos ta kwana. Da daddare na tuƙa tuwon shinkafa, na yi miyar taushe, na shimfiɗa tabarma, na wanke mata hannu. Yarinyar nan ta zuba wa kwano ido, ta ƙi taɓawa. Na ce, "Takwara, ci mana, ko miyar ce ba ta yi miki ba?" Sai ta ce antinsu ta ce cin abinci da hannu ƙazanta ne, sai da wuƙa da cokali mai yatsu. Na tashi na ɗauko mata don in ga abin da aka koya mata. Ta damƙe wuƙar a dama kamar mai riƙe da muciya, cokalin a hagu, ta shiga kokawa da malmala. Tuwo na zillewa, miya na fallatsa a rigarta. Da ƙyar ta ciro loma ɗaya, kuma da hagu ta kai ta baki. Can sai ta fashe da kuka, ga yunwa ga barci. Na ɗora ta a cinya na ba ta a baki, ta ci ta ƙoshi, amma tana ci tana tambayata ko anti za ta sani.

Wannan tambayar ce ta sa na ɗauki biro.

Kada a ɗauka ni mai ƙin wuƙa da cokali ce. A gidanmu na tashi na gan su. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, kuku ne a gidan wani Baturen kuza a Rayfield tun kafin a samu 'yancin kai. Ya san inda kowane cokali yake zama a tebur, wuƙa a dama kaifinta na kallon faranti, mai yatsu a hagu. Da Baturen zai koma gida ya bar masa wasu kayan tebur, ciki har da wata wuƙa mai farar ƙota, an buga Sheffield a jikinta, garin nan na Ingila da ya yi suna wajen ƙera wuƙaƙe. Tana nan a durowata har yau. Kasuwar kuza ta faɗi a 1985, ramukan haƙa sun zama kududdufai, Turawan sun watse, wuƙar kuwa ko tsatsa ba ta yi ba.

Baba bai ba ni wuƙar nan ba sai da na fara famfara. Kafin nan sau nawa ina roƙo yana cewa, "Uwata, hannunki bai kai ba tukuna." Ya kan ba mu labari cewa 'ya'yan Baturen ma, ƙananan, ba sa zama babban tebur. Mai renonsu ce take yanyanka musu nama ƙanana, su ci da cokali. Su da abin yake gadonsu ba su yi gaggawa ba. Ranar da ya koya mini, dafaffen dankalin Turawa ya sa a faranti. Ya kwantar da ƙotar a tafin hannuna, ya ɗora manuniyata a bayan wuƙar, ya ce mai yatsu ya kafe dankalin kada ya gudu, wuƙa kuma ta je ta dawo kamar zarto, ba dannawa ake yi ba. Wanda bai taɓa koya wa yaro ba zai ga abu ne mai sauƙi. Amma aiki biyu ne daban a lokaci guda, hannu ɗaya yana tsaye cik, ɗaya yana tafiya, ido yana kan faranti, gwiwar hannu ba ta bugi na kusa ba. Babba ya manta wahalar da ya sha kafin ya iya.

Na yi shekara 35 ina koyarwa a firamare, mafi yawa a aji ɗaya da aji biyu. Na fara aiki ba da jimawa ba bayan an buɗe shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, lokacin da yara suka cika azuzuwa har wasu na zama a ƙasa. Yawancinsu ba su da takardar haihuwa. Sai a ce yaro ya ɗora hannu bisa kansa ya kamo kunnen ɗaya ɓangaren. In ya kamo, ya kai shekara shida ko kusa, a rubuta sunansa. In bai kamo ba, sai baɗi. Yanzu ana yi wa wannan gwajin dariya, amma akwai abin da na da suka gane a ciki, cewa jikin yaro ne yake faɗin abin da ya shirya yi. Na ga haka a riƙon fensir. Yaro ƙarami da dunƙulen hannu yake riƙewa, duk kafaɗarsa na motsi in zai ja layi. Ka ba shi shekara ɗaya ko biyu sai ka ga fensir ya koma tsakanin yatsu uku ba tare da bulala ba. Yatsun da ke riƙe fensir da almakashi su ne dai masu riƙe wuƙa.

Ma'aikatan lafiya masu koya wa yara aiki da hannu a Ingila ma abin da suke gaya wa iyaye bai yi nisa da wannan ba. Yaro na iya ciyar da kansa da cokali wajen shekara 2, ya soki abu da mai yatsu tsakanin 2 da 3. Wajen shekara 5 zai iya shafa bota a burodi, ya yanka abu mai laushi. Haɗa wuƙa da mai yatsu ya yanka abincinsa shi kaɗai kuwa, sai wajen shekara 7. Wani yaron ya riga, wani ya makara, duk ba laifi ba ne. To ina dalilin sa 'yar shekara huɗu ta yaƙi malmalar tuwo da makamai biyu?

Na san amsar da za a ba ni, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne. Amma mai tanƙwara icce a hankali yake yi, in ya fizga karyewa zai yi. Makarantu da yawa a garin nan sun rubuta Montessori a allonsu. Matar da ke da sunan, Maria Montessori, likita ce 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, kuma tushen tsarinta shi ne a ba yaro kayan aiki daidai hannunsa, a nuna masa mataki ɗaya, a bar shi ya maimaita har ya gamsu. A makarantun da ke bin tsarin da gaske, yaro kan fara da yanka ayaba a kan katako da 'yar wuƙa marar kaifi. Babu inda aka ce a kunyata shi da abincin gidansu.

Sai maganar hagu, wadda ta fi damuna. A tsarin Turai mai yatsu yana zama a hagu har zuwa baki. Mu kuma tun muna rarrafe ake ce mana "da dama". Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Umar bin Abi Salama yana yaro ya ambaci sunan Allah, ya ci da damansa, ya ci daga abin da ke gabansa. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. A Bukhari ɗin kuma an ruwaito cewa an ga Annabi yana yankar naman kafaɗar tunkiya da wuƙa yana ci, aka kira salla ya ajiye wuƙar. Saboda haka wuƙa wajen cin abinci ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Hannun da ke kai loma baki shi ne abin kiyayewa. Kuma ba Musulmi kaɗai ba. Na yi aiki da malamai Birom da Angas da Yarbawa da Ibo, ban ga wadda za ta yarda ɗanta ya miƙa mata abu da hagu ba, balle ya ci.

Mafita tana nan, ba sai an yi rigima ba. Mutanen Amurka da yawa yanka suke yi da wuƙa a dama, su ajiye ta a gefen faranti, su mayar da mai yatsu dama su ci. Haka Baba yake yi, haka ya koya mini, kuma na ci abinci a taruka a Abuja da Kaduna ba wanda ya taɓa yi mini kallon rashin wayewa. Yaro bahago ma abin ya fi zo masa da sauƙi, ya riƙe wuƙa a hagunsa mai ƙarfi, mai yatsu a dama. Na faɗi wannan ne don na ga yadda ake dukan bahagwai a aji ɗaya har hannunsu ya riƙa rawa in sun ɗauki alli, kuma ban daina jin zafin abin ba.

Mu ma iyaye da kakanni muna da namu laifin, kuma ya fi na makaranta haɗari. A gidajenmu ana miƙa wa yarinya 'yar shekara shida wuƙar kicin mai kaifi a ce ta yanka kuɓewa ko alayyahu a tafin hannunta, kaifi na fuskantar yatsu, don haka ta ga uwarta na yi. Ana barin yara su fere lemu da reza, su datsa rake da wuƙar da babba ma sai ya yi hattara. Sau da yawa yaro ya zo mini aji da yatsa a naɗe da tsumma. Da an fara musu da wuƙar tebur mai dakusasshen baki, a kan faranti ko katako, da sun koyi inda ake ajiye yatsu kafin su haɗu da kaifi. Mu a Jos ba mu rasa abin gwaji ba. Ga dankalin Bokkos da Mangu, in ya dahu ko cokali yana raba shi. Ga ayaba, ga gwanda, ga fiya, ga wainar ƙwai, ga dafaffen karas na kasuwar Farin Gada. Nama kuwa, tsire ne ko ganda ko cinyar kaza, babba ya ci gaba da yanyanka wa yaro ƙanana, don kada ya shaƙe shi.

Ina son malamai su sani cewa ci da hannu ma ilimi ne da ake koya. A gutsuro daidai baki, a mulmula, a yi ɗan rami da babban yatsa, a ɗebo miya ba tare da ta gangaro zuwa wuyan hannu ba. Kada a kai hannu gaban wani, kada a riga babba ɗaukar nama. Takwarata ta fara iya wannan, har ina yaba mata, kafin a ce mata ƙazanta ne. Ƙazanta ita ce hannun da ba a wanke ba, kuma cokalin da ba a wanke ba ma haka yake. In tsafta ake so a koyar, a koya musu wanke hannu da sabulu, a zuba musu ruwa daga buta maimakon mutum biyar su tsoma a kwano ɗaya kamar yadda muka saba. Wannan gyara ne da zan karɓa hannu bibbiyu.

Ranar Litinin na raka surukata makarantar. Antin yarinya ce ƙarama, ba ta wuce sa'ar autata ba, ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi. Na ce, "'Yata, me ya sa kika ce musu haka?" Ta ce, "Mama, wallahi iyaye ne suke matsa mana. Suna so a ɗauki yara a waya suna ci da wuƙa da cokali a tura musu a WhatsApp, su ga kuɗinsu na aiki." Jikina ya yi sanyi, don na san ba ƙarya take yi ba, ɗana ma yana cikin masu jin daɗin hotunan nan. Shugabar makarantar ta saurare ni har ƙarshe. Na roƙe ta abu uku, a bar 'yan nazare da cokali, a fara wuƙa da shafa bota da yanka ayaba ga waɗanda suka kai biyar, kuma kada a ƙara ce wa yaro abincin hannu ƙazanta ne. Ta ce za ta zauna da malamanta. Antin kuma ta yi mini alkawarin ita da bakinta za ta warware wa yaran maganar, don ni ko sau goma na faɗa, ta anti ce ke shiga kunnen takwarata.

Ranar Juma'a mai zuwa za a sake kawo mini ita. Na riga na sa an sayo ayaba, na kuma samo 'yar wuƙar roba daidai tafin hannunta. Da daddare tuwo za mu ci a kwano ɗaya, a kan tabarma. Wuƙar Baba mai farar ƙota na ajiye mata, zan ba ta ranar da ta zo ta nuna mini haƙorinta na farko ya fita.

Na gode, Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Tsohuwar malamar firamare,
Rikkos, Jos.