Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Bauchi: A Nuna Mana Inda Za Mu Kai Shararmu

Mai girma Ciyaman,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, tare da addu'ar Allah ya kama maka wannan nauyi da ya ɗora a wuyanka.

Ni tsohon malamin firamare ne, haifaffen cikin ganuwa, kuma har yau a gidan da aka yanke cibiyata nake zaune. Maganar shara ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na zaɓi in rubuto yanzu cikin bazara domin hadari ya fara haɗowa ta gabas, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

A bakin lungunmu akwai wata katanga da aka rubuta wa da jan fenti cewa an hana zuba shara a nan. Bola ta taru a gindinta har ta rufe rabin rubutun. Wata rana da asuba, a hanyar dawowata daga masallaci, na tarar da wata maƙwabciyarmu, dattijuwa mai riƙe da marayu, tana juye bokitinta a wurin. Na ce, "Haba Iya, ba ki san an hana ba?" Ta dube ni ta ce, "Malam, to ina za mu kai?" Ban sami abin ce mata ba. Tambayar nan ta Iya ce na kawo gabanka, ranka ya daɗe, domin kai ne wanda doka ta ɗora wa amsa ta.

Ban faɗi haka da ka ba. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu inda aka jera ayyukan ƙananan hukumomi, ya ambaci kula da ban-ɗakunan jama'a da kwashe ƙazanta da shara. Gwamnatin jiha tana da hukumarta ta kare muhalli, wato BASEPA, muna kuma ganin ma'aikatanta da motocinta a manyan tituna da bakin kasuwannin Wunti da Muda Lawal, Allah ya saka musu. Amma tifa ba ta shiga lungun da baro ma sai an karkata shi. Daga ƙofar gida zuwa bakin titi, nan ne shara ke rasa mai ita, nan ne kuma hannun ƙaramar hukuma ya fi na kowa kaiwa, domin kai ke da kansila a kowace mazaɓa, kai ke zama da hakimai da dagatai da masu unguwanni. Ga kuma hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kuɗinsu kai tsaye. Tun daga ranar talaka ya ƙara sa ido a kan sakatariyarku.

Bari in ɗan koma baya, don sai an san yadda abin ya lalace za a san ta inda za a kama gyaransa. Mahaifina manomi ne. Sa'ad da muke yara, shara dukiya ce. Da rani ya kama sai mu ɗora wa jaki mangala mu bi jujin unguwa muna ɗiba muna kaiwa gona a bayan gari, mu jibge tsibi-tsibi kafin saukar ruwa. Abin da ke cikinta toka ne da kashin awaki da na kaji da ɓawon gyaɗa da ganyen da aka naɗe goro ko alala. Duk ƙasa tana cinyewa. Akwai gidajen da mahaifina kan aika wa damin dawa da kaka don godiyar jujin da suka bar masa. Ba a buƙatar doka a lokacin, gona ce ke kwashe wa gari shara.

Leda ce ta raba wannan zumunci. Yau ma manoma suna sayen bola a kai musu gona, amma je ka ga gonar bayan ruwan farko: baƙar leda da ledar fiya-wata sun lulluɓe kunya, ga fasassun kwalabe, ga batura, ga allurai daga shagunan magani. Tunkiyata da na yi shekara biyu ina kiwo ta rame tana ci ba ta ƙiba, da muka yanka sai ga dunƙulen leda a tumbinta kamar ƙwallo. Ka tambayi kowane mahauci a mayanka, zai gaya maka abin da yake cirowa kullum. Sai dai ka zazzage kwandon sharar kowane gida a cikin gari ka duba, har yanzu mafi yawansa ƙasa ce da toka da abin da ke ruɓewa. Ɗan abin da ba ya ruɓewa ne ke ɓata mai yawan. Da za a raba su tun daga tsakar gida, da babban kaso na abin da ake ƙona mai a kwashe ya koma gona a matsayin taki, a wannan zamani da buhun takin zamani ya gagari ƙaramin manomi.

Saboda haka abin da nake roƙo shi ne ka kai wa majalisar kansilolinka ƙudurin dokar shara, amma dokar da za ta fara da nauyin hukuma kafin ta zo kan laifin talaka. Ta ce kowace unguwa sai an ware mata matattarar shara, mai unguwa da dattawa su nuna wurin, a kewaye shi da bulo, a rubuta ranar da mota ke zuwa a jikin bangon, a kuma rubuta lambar wayar jami'in da za a kira idan ranar ta wuce ba a zo ba. A raba matattarar gida biyu, ɓangaren mai ruɓewa da ɓangaren leda da roba. Matan gida ba za su sha wahalar wannan ba. Su da ke ware tsakuwa daga shinkafa, ware leda daga toka ba zai gagare su ba, in dai sun ga cewa ba a sake cakuɗa su a mota ɗaya.

Kada a ce mutane ba za su biya ba. Muna biya tun tuni. Kusan kowane gida a lungunmu yana bai wa almajiri 'yan canji ya fitar da shara, yaron kuma, da yake ba a nuna masa wuri ba, sai ya juye ta a kwata mafi kusa ya dawo da bokiti. Ban ga laifin yaron ba. Bara da ruwan Agusta ya sauka cikin dare, kwalbatin bakin lungunmu ya toshe, ruwa ya dawo da baya ya shiga gidaje, nawa har ɗakin da nake ajiye littattafai. Da gari ya waye muka shiga da shebur da manjagara, abin da muka yi ta jawowa ledarmu ce da gorunan robarmu da famfas ɗin jikokinmu. Kowa ya ƙi sharar masallaci zai yi ta kasuwa. Kuɗin da muke bai wa yara a watse, da an tsara shi, ya isa ya riƙe matasa biyu ko uku masu kura ko baro a kowace unguwa, masu rajista da riga da safar hannu, su bi gida-gida su kai matattara.

Yanzu ga maganar da na san wasu ba za su so ba, wato ta 'yan jari-bola. Na san kukan da ake yi da su, na kuma san akwai gaskiya a ciki: an cire murafen kwalbati, an yanke wayar wuta, an ɗauke tukunya daga tsakar gida. Amma a duk garin nan su ne ke yin aikin da manyan takardun gwamnati ke kira sake sarrafa shara. Yaro ya yini da buhu a kafaɗa da maganaɗisu a hannu, ya tsinci ƙarfe da gwangwani da tsofaffin silifa da fasassun bokitai, ya kai wa mai sikeli a auna a biya shi. Daga nan a loda a mota zuwa Kano ko Legas, a narke, roba ta dawo mana buta da bokiti, sanholo ya dawo tukunya. Ba su karɓi ko sisi daga baitulmali ba. Idan aka kore su gaba ɗaya, abin da suke ɗaukewa zai zauna a kwatarmu, su kuma yunwa ta tura su inda ba ma so. A yi musu rajista ta hannun shugabanninsu, a ba su katin shaida, a hana yawon dare, a wajabta wa kowane mai sikeli littafin da zai rubuta wanda ya kawo masa kaya, a hukunta wanda ya sayi kayan gwamnati ko na sata. Ƙananan yara kuwa a fitar da su daga kan bola, domin na koyar da irinsu, na san abin da ƙusa mai tsatsa da allurar asibiti ke yi wa ƙafar da ba takalmi.

Sai inda sharar ke ƙarewa. Abin da muka saba shi ne a sami tsohon kududdufi ko ramin da aka haƙi ƙasar gini a yi ta zubawa, in ya cika a banka wuta, daga baya wani ya yanka fuloti a kai. Wannan ba mazubar shara ba ce. Ruwan sama yana ratsa bola ya fito baƙi mai wari, ya nutse ya tarar da ruwan rijiyoyin maƙwabta. Ruɓar da ke can ƙasa tana fitar da iska mai kama wuta, shi ya sa za ka ga juji yana hayaƙi mako da mako ba wanda ya kunna. Hayaƙin leda kuma ya shiga ƙirjin jariri da mai asma. Mazuba ta gaskiya ana zaɓar mata wuri nesa da gidaje da rijiyoyi, ba a kan hanyar ruwan da ke gangarawa madatsar Gubi da garin nan ke sha daga gare ta ba. A daɓe gindinta da yumɓu don kada ruwan bola ya zarce, a kewaye ta, a sa mai gadi, katafila ta riƙa dannewa ana rufewa da ƙasa a kai a kai, sharar asibiti kuma a ware ta daban. Na san wannan ya fi ƙarfin aljihun ƙaramar hukuma ita kaɗai, sai da jiha. Amma fili a hannunku da hakimai yake. Ka duba yadda gari ke cin gonaki ta hanyar Jos da ta Dass da ta Ningi. Filin da ba a killace shi bana da takarda ba, baɗi gidaje za a tarar a kai.

Ranka ya daɗe, ba don ƙyale-ƙyale nake wannan magana ba. A 2021 Bauchi na cikin jihohin da kwalara ta fi yi wa ɓarna a ƙasar nan, mun yi jana'izar da ba za mu manta ba. Zazzaɓin Lassa kuma kusan kowane rani sai an ambaci sunan jiharmu tare da Ondo da Edo a sahun gaba, ɓera ne ke yaɗa shi, ɓera kuwa a juji yake kwana ya wayi gari a rumbunmu. Tsabtar Asabar ɗin ƙarshen wata tana da amfani, ina fita da tsintsiyata, amma gida yana fitar da shara sau talatin a wata, kuma dagwalon da aka kwaso daga kwata aka tara a bakinta, in bai sami mai ɗauka ba, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito.

Bayan an yi waɗannan, to a dawo mana da duba-gari da ƙarfinsa. Mu da muka ga zamaninsa mun san yadda uwayenmu ke wanke randa da share tsakar gida in an ce ga shi nan tafe. A ci tarar duk wanda ya zuba a kwata alhali ga matattara, a ba shi rasit, kuma mai babban shago da mai gidan biki su biya fiye da Iya mai marayu. Limamanmu za su taya ku a kan mumbari, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne.

In ba za a iya farawa da gari duka ba, a fara da mazaɓa ɗaya a cikin ganuwa kafin ruwa ya zauna. Mun yi magana da mai unguwarmu, akwai wani kango a bakin titi da magadansa suka yarda a yi matattara a gefensa, matasanmu kuma sun ce za su yi aikin ginin kyauta in an kawo bulo da siminti. Ranar da ka sa, za ka same mu a ƙofar masallaci bayan sallar asuba, mu zaga da kai ka gani da idonka.

Allah ya taimake ka, ya sa ka gama lafiya.

Naka,
Wani tsohon malamin firamare,
Cikin ganuwar Bauchi.