Wasiƙa daga Talata Mafara kan bishiyar da ka aiko hotonta

Talata Mafara, Jihar Zamfara.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, ina sanar da kai cewa hoton bishiyar da ka aiko mini daga Fatakwal ya iso, tare da tambayarka ko magarya ce ko kurna. Gaskiyar magana ita ce hoton ba zai raba gardama ba, domin ka ɗauke shi daga nesa, inuwa da rassa kawai ake gani, alhali shaidar da nake nema tana jikin ganye ɗaya tak.

Magarya da kurna 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa suke rikita mutane. Dukansu suna da ƙaya, kuma idan ka ɗaga ganyen kowacce ka duba shi a hasken rana za ka ga manyan jijiyoyi uku sun taso daga gindinsa sun nufi tsini. Bambancin yana bayan ganyen: na magarya fari-fari ne mai laushin gashi, kamar an barbaɗa masa gari, na kurna kuwa kore ne gaba da baya, sumul. Don haka ka tsinko ɗaya ka juya shi.

Tun da ka taɓo wannan magana, bari in ƙara maka abin da nake koya wa ɗalibaina a darasin aikin gona. Kafin komai, mutum ya tabbatar ko abin da ke hannunsa cikakken ganye ne ko kuwa ɗan ganye ne daga cikin tarin da ke kan tsinke ɗaya. Hanyar ganewa ita ce a nemi idon toho a hammatar da tsinken ya haɗu da reshe, domin ƙananan ganyayyakin tsamiya ko na zogale ba su da wannan ido, sai a gindin babban tsinken da ya ɗauko su gaba ɗaya. Da wannan ake raba kuka da rogo, waɗanda dukansu suke kama da tafin hannu: yatsun ganyen kuka, biyar zuwa bakwai, kowane a ware yake har gindi, na rogo kuwa ganye ɗaya ne da aka tsattsaga bai rabu ba. Sai dai ƙaramar kuka tana yaudara, saboda ganyenta na farko guda ɗaya ne ba yatsu, kuma na sha ganin yara sun nome ta a gona suna zaton ciyawa ce.

Bakin ganye ma shaida ne. Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya aka kawo shi, da maɗaci dukansu suna jera ƙananan ganyayyaki a kan tsinke, dukansu kuma ɗaci gare su, amma bakin na dogon yaro haƙora ne kamar zarto kuma ya ɗan lanƙwashe kamar lauje, na maɗaci kuwa ba haƙori ko ɗaya. Na kaɗanya dogo ne mai bakin da ke hawa da sauka. Kalgo ba ya buƙatar dogon bayani, tun da ganyensa a rabe yake biyu kamar sawun raƙumi. Gero, dawa da shinkafar da ake nomawa a nan Bakolori jijiyoyinsu a jere suke tafiya daga gindi zuwa tsini ba sa haɗuwa, saɓanin wake da gyaɗa da nasu suka sarƙe kamar raga.

Duk wannan ban fara koyonsa a aji ba. Ina ɗan shekara tara kakata, Allah ya jiƙanta, ta aike ni bayan gari in tsinko mata tafasa, na dawo da kwando cike da rai-ɗore ina ta murna. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ɗauki tsinke ɗaya ta ce in ƙirga, na ƙirga ganye biyu-biyu har sau biyar, kowane da tsini kamar mashi. Sannan ta nuna mini tafasa ta gaskiya mai biyu-biyu sau uku kacal, kanta a faɗaɗe ba tsini. Ta murza rai-ɗoren ta kai mini hanci, warin nan har yau ban manta da shi ba. A ganina wannan hanyar ta fi manhajojin waya da ake yayi yanzu, domin waya ba ta shaƙar wari, ba ta kuma jin laushin bayan ganye.

Saboda haka ina roƙonka kada ka jiƙa ganyen nan ka ba kowa ya sha kafin mu tabbatar, musamman da yake itatuwan kurmi ba duka muka saba da su ba. Ka sake ɗaukar hoto uku a kusa: gaban ganyen, bayansa, da reshe inda ƙaya da ganye suka haɗu, ka sa babban yatsanka a gefe don in gane girmansa.

A nan an shiga kaka, gawon da ke gonar mahaifinka ya fara fitar da sabon ganye bayan ya yi damina tsirara kamar yadda ya saba. Mutanen gida duk suna gaishe ka. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yara.

Wassalam,
Naka amini.