Asma: kada a jira numfashi ya ɗauke kafin a ɗauko inhela

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku kafin hunturu ya kankama. Ni ba likita ba ce, uwa ce da ta shekara takwas tana jinyar ɗa mai asma.

Bara war haka, tsakar dare, maƙwabciyata ta buga mini ƙofa hankali a tashe. Na tarar an kwantar da 'yarta mai shekara tara rigingine. Ɗakin ya turnuƙe da turaren wuta, ga maganin sauro na ci a lungu, an shafe mata ƙirji da man zafi ana ta ɗura mata zuma. Na ce, "Ina ke miki ciwo?" Ta kasa haɗa kalma biyu. Duk jan numfashi sai ramin wuyanta da tsakanin haƙarƙarinta su lotsa. Sai na ji kakarta na cewa, "Alhamdu lillahi, ai kukan ƙirjin ya lafa." Nan gabana ya faɗi. Idan mai asma na kokawa da numfashi kuma fiton nan ya ɗauke, hanyoyin iska ne suka tsuke har iskar da za ta yi ƙarar ba ta samun wucewa. Haka ma in leɓe ya fara sauya launi, ko yaro ya fara gyangyaɗi don galabaita. Wannan na asibiti ne, ba a jiran gari ya waye.

Ashe suna da inhela, wato abin fesa maganin da ake shaƙa ta baki, shuɗiyar nan ta maganin salbutamol da aka fi sani da Ventolin, tana cikin durowa tun ranar da likita ya rubuta. Hajiya, kakar yarinyar, ce ta hana, wai wanda ya fara shaƙa ba ya rabuwa da ita. Ban ga laifinta ba, don ni ma na taɓa yarda da wannan zance. Maganin ba ya sa jaraba. Buɗe hanyar iska yake yi cikin 'yan mintoci. Wanda aka ga kullum yana neman shuɗiyar, asmar ce ba a shawo kanta ba, kuma akwai inhela ta daban ta rigakafi da ake shaƙa kowace rana, ko da mutum na jin garau.

Na tayar da yarinyar zaune, bayanta a miƙe, na sa aka fitar da kaskon turare. Na ɗauko gorar ruwa ta roba da na huda gindinta daidai bakin inhela, dabarar da wata nas ta koya mini don yara ba su iya daidaita fesawa da jan numfashi ba. A girgiza, a fesa sau ɗaya a cikin gorar, yaro ya ja numfashi huɗu ko biyar ta bakin gorar, bayan kamar minti ɗaya a sake, har zuwa fesa goma. Muna yi mahaifinta na neman Keke Napep. A asibiti aka sa mata oksijin, aka turara mata magani, aka ba ta ƙwayoyin da ke saukar da kumburin hanyar iska. Kwana biyu aka sallame ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma, kuma ta kashe kimanin 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin namu. A nan kuwa har yanzu ana rikita ta da tarin fuka, alhali asma ba a ɗaukarta. Shi ya sa ake ɓoyewa, musamman ga 'ya'ya mata, kada a ce za su rasa miji.

Don Allah ku sami likitan ƙirji ya yi bayani a shafinku na lafiya kafin hazo ya sauko. Ku kuma ja hankalin masu kemis su daina sallamar mai shesshekar numfashi da ruwan maganin tari, da makarantun kwana da ke kulle inhelar yara a ofis, sai dare ya yi a rasa mai makulli.

Wassalam.

Wata uwa,
daga Funtuwa